DAGA GORON GWANJA ZUWA DALAR GYAƊA: YADDA BABBAN ATTAJIRI KE YANKE SHAWARA

 

Ya ku 'yan'uwa, maudu'in da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne yadda manyan 'yan kasuwa suke tunani, da yadda suke yanke shawara idan al'amari ya zo musu da fuska biyu. Mun san da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan 'yan kasuwa ne, wani yana da shago, wani tebur gare shi, wani kuma yaron kanti ne da yake fatan wata rana maigidansa ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Kuma mun san irin maganganun da akan yi a majalisu idan aka ambaci mai dukiya. Wani ya ce sa'a ce, wani ya ce asiri ne, wani ya ce ai ba a tara irin wannan da halal. Babu shakka arziki na Allah ne, kuma babu shakka akwai waɗanda suka tara nasu ta hanyar ɓarna. Amma idan muka tsaya a nan, to mun rufe wa kanmu ƙofar koyo, domin duk wanda ya yarda cewa sa'a ce kawai, ba zai taɓa zama ya tambayi kansa me mutumin nan ya hango wanda sauran jama'a ba su hango ba.

Saboda haka za mu ɗauki mutum guda wanda tarihinsa yake a rubuce, mu bi sawunsa, mu tsaya a mararrabar da ya tsaya, mu ga hanyar da ya zaɓa. Mutumin nan shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a shekarar 1877, ya rasu a Kano a watan Agustan 1955, a lokacin da ake lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan ƙasa dukiya a Afirka ta Yamma.

Ɗantata daga zuriyar Agalawa yake, kuma Agalawa, su da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Ya kamata matasanmu su san wace irin sana'a ce wannan. Ayari ne na ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, da jakuna da 'yan dako, a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba yana duba hanya. Su tashi da kanwa da tufafin Kano da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har su sauka a Salaga, inda goron kurmin Asante yake fitowa. Zuwa da dawowa watanni ne masu yawa. Kowane sarki a hanya sai an ba shi nasa, kowane fito sai an biya, ga 'yan fashi a daji. Sannan goro kaya ne mai rai, idan ba a kwance huhu ana dubawa ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara ba, sai mutum ya iso gida da abin da ba zai sayu ba. Wanda ya tashi a wannan sana'a, dole ne ya iya lissafin kwanaki, ya iya karanta mutane, ya san wanda zai bar wa kaya ya juya baya.

Alhassan bai gaji shimfiɗaɗɗiyar dukiya ba. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara a ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ne ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Sannan yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ya rutsa da Bebeji, har aka kama shi da wasu 'yan'uwansa, sai da aka fanso su. Wato ya shiga kasuwa ne a daidai lokacin da tsohuwar duniyar fatake take rugujewa. Ita kanta Salaga yaƙin cikin gida ya cinye ta a 1892, Turawan Ingila da na Faransa da na Jamus sun yayyanka hanyar sun kafa iyakoki, Kano kuma ta faɗa hannun Ingila a 1903.

To, a nan ne mararraba ta farko take. Turawa sun shimfiɗa layin dogo daga Kumasi zuwa gaɓar teku a Sekondi, jiragen ruwa masu hayaƙi suna zirga-zirga tsakanin Ankara da Ikko, daga Ikko kuma wani layin dogon yana ta haurowa arewa. Wajen shekarar 1906 Alhassan ya kasance cikin na gaba-gaba da suka juya wa hanyar ayari baya, suka riƙa saukar da goro zuwa bakin teku, su loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can su hauro da shi. Idan mutum ya dubi taswira, zai ga hanyar nan ta fi ta kakanninsa kewaye. Amma shi ba da tsawon hanya ya auna ta ba, da kwanaki ya auna ta. Goron da zai iso cikin makonni ya fi wanda zai iso cikin watanni lafiya, kuma kuɗin da a da sau ɗaya suke juyawa a shekara, yanzu suna iya juyawa sau da dama. Ɗan kasuwar da jarinsa ya juya sau huɗu da ƙaramar riba, ya fi wanda nasa ya juya sau ɗaya da riba mai tsoka, kuma wannan lissafi ne da har yau da yawa daga cikinmu ba mu yarda da shi ba, mukan rungume kaya a shago muna jiran farashin da muka raya a zuciya.

Abin da ya fi wuya a irin wannan shawara ba gane lissafin ba ne. Barin abin da mutum ya ƙware a kansa ne. Duk martabar Ba'agale tana ga sanin zango da rijiya da harsunan garuruwan hanya, kuma ranar da ya hau jirgin ruwa duk wannan ilmi ya zama tarihi. Har a ƙasashen da ake koyar da kasuwanci a jami'a, nan ne manyan kamfanoni suke tuntuɓe. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya mamaye cinikin fim ɗin ɗaukar hoto a duniya, injiniyansa ne ya ƙera kyamara marar fim tun a 1975, amma shugabanninsa suka yi ta jan ƙafa saboda ribarsu a fim take, har a watan Janairun 2012 suka kai kansu kotu neman kariya daga masu bin su bashi. Akasin haka ya faru a kamfanin Intel a 1985, lokacin da kamfanonin Japan suka karya farashin ƙwayoyin ajiyar bayanai na kwamfuta, waɗanda a kansu aka gina kamfanin. Ɗaya daga cikin shugabanninsa, Andi Girob, ya tambayi abokin aikinsa cewa da za a kore su a kawo baƙo, me baƙon zai yi? Suka ga cewa fita zai yi daga wannan ciniki. Sai suka yi abin da baƙon zai yi, suka koma ƙera ƙwaƙwalwar da ke sarrafa kwamfuta, kamfanin ya yi shekaru da dama yana jan ragamar wannan fanni. Tambaya ce da kowane mai shago zai iya yi wa kansa: da yau na shigo kasuwar nan da kuɗina a hannu, wannan kayan zan sara?

Mararraba ta biyu ta fi ta farko girma, domin ƙasa baki ɗaya ta shafa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawan da suka kashe kuɗi suka gina shi, auduga suke nema. Masaƙun Lankasha suna son rage dogaro da audugar Amurka, har sun kafa ƙungiya ta musamman a 1902 don yaɗa nomanta a ƙasashen da suke mulka, kuma sun sa ido a kan Arewa. Suna da gwamnati, suna da jari, suna da masana. Amma abin da suka manta shi ne, ƙasar Kano tana da masaƙanta da marinanta, waɗanda suke sayen auduga da tsadar da Bature ba zai iya biya ba. Shi kuwa manomi, da ya auna sai ya ga gyaɗa ta fi masa. Tana son jigawar ƙasarsa, ba ta gajiyar da gona, ana haɗa ta da gero, harawarta abincin dabba ce, kuma idan shekara ta yi muni ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, buƙatar gyaɗa ta tashi. Cikin shekara biyu gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Su wane ne suka haɗa manomin ƙauye da Baturen kanti? Fataken goro ne. Irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada, su ne suka karɓi kuɗi daga kamfanoni, suka tura yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suka shawo kan manoma. A nan akwai abin lura, ya ku 'yan'uwa. Ɗantata ba shi ne ya fara shiga ba. Sai wajen 1918 ya ƙulla da kamfanin Neja ya zama mai saya musu gyaɗa, alhali waɗancan sun riga shi da shekaru. Amma kafin 1922 ya wuce su duka. Wannan yana rushe wani tunani da ya yi yawa a tsakanin matasanmu, cewa duk wanda bai yi tsalle ya faɗa sabon abu a ranar da ya fito ba, to ya makara. Da wannan tunanin ne ake kwashe wa mutane kuɗinsu a harkokin da ake ce musu zuba dubu ka kwashi dubu biyu. Shi ya ga abin ya tabbata tukuna, ya ga ya ratsa shekarar fari da yunwa ta 1913 zuwa 1914, ya ratsa Yaƙin Duniya na Farko, sannan ya shigo da abin da ya riga ya gina.

Me ya gina? Mutane. Kamfanin Bature yana da kuɗi da sikeli da sito, amma bai san wanda zai ba fam ɗari a watan bazara ya dawo masa da gyaɗa da kaka ba. Ɗantata ya sani, saboda shekarun da ya yi a goro ya tara dangi da surukai da barori da yaran gida waɗanda ya gwada su da ƙarami kafin ya danƙa musu babba. Shi ya karɓi kuɗi daga kamfani, ya rarraba wa wakilansa, su kuma su rarraba wa na ƙasa da su, har abin ya kai ga ɗan baranda a kasuwar ƙauye. Gaba ɗaya ginin a kan bashi yake tsaye, bashin kuma a kan amana. Idan mutum ɗaya ya ci amana, shi ne zai biya kamfani. Don haka shawarar da ta fi kowace yawa a rayuwar irin wannan attajiri, wadda yake yankewa kusan kullum, ita ce: wa zan ba, nawa zan ba shi, yaushe zan ƙara masa, yaushe zan janye? Kuma tunda mun zo kan bashi, ba za mu wuce ba tare da tunatarwa ba cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Abin takaici ne a ce har yau akwai mai jarin miliyoyi a cikinmu da littafinsa yake cikin kansa, idan ka ce a rubuta sai ya ce ba ka yarda da shi ba. Ranar da ya faɗi ya mutu, marayunsa ba su san wa ke binsu ba, ba su san wa suke bi ba.

Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibi ba. Farashin gyaɗa a Turai ake yanke shi, manyan kamfanoni sukan haɗa baki a kan abin da za su biya, musamman bayan da suka dunƙule suka zama UAC a 1929, kuma a ƙasan tsanin akwai manomin da haraji ya matsa wa, ya karɓi kuɗi tun amfani yana gona, ya sayar da arha. Attajiran Kano sun samu a cikin wannan tsari, amma ba su ne masu shi ba. Duk girman Ɗantata, akwai rufin da kansa ba ya wucewa.

Sai batun ajiya. Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin kayan amfanin gona ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ci bashi suka cika sito, sai ga shi a 1920 zuwa 1921 kasuwa ta rufta, ta binne 'yan kasuwa da yawa a Afirka ta Yamma. Ɗantata a daidai wannan tsakani ne ya hau sama. Labarin da ya shahara a kansa shi ne, a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa na Kano, wanda shi ne ya zama First Bank daga baya, kuma an ruwaito cewa ba ya karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa. Mutane sukan ba da labarin nan don mamakin yawan kuɗin. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne shekarar. A 1929 ne tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, kuma wanda ya shiga irin wannan zamani da tsabar kuɗi a hannu, shi ne yake saye lokacin da kowa ke neman mai saye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ke cikin raƙuman nan, riba ce ta shekaru da ba a mayar da ita gidaje da dawaki da bukukuwa ba. Mu kuwa da zarar ciniki ya yi kyau shekara biyu a jere, sai a sake mota, a ƙara aure, a ɗauki jarin kansa a zuba a bene.

Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda sunan Ɗantata yake haɗe da ita, asalinta matsala ce aka mayar da ita tsari. Gyaɗa tana shigowa cikin 'yan watannin kaka, jirgin ƙasa kuwa ba ya iya kwashe ta sai a hankali, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama ana rufewa, su jira layinsu. A shekarun 1960 Nijeriya ta kai matsayin ƙasar da ta fi kowace fitar da gyaɗa a duniya. Sannan fari ya zo a farkon shekarun 1970, annobar cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, hankalin hukuma ya koma kan man fetur, dalar ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Gidan da ya jingina da gyaɗa kaɗai, da ita ya tafi. Gidan Ɗantata bai tafi ba, domin 'ya'yansa sun riga sun shiga sufuri da gine-gine da masana'antu, kamar yadda shi ma bai taɓa tsayawa a kan kaya iri ɗaya ba.

Jininsa ne kuma ya sake maimaita shawarar barin hanyar da aka saba. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, ya yi shekaru kusan 20 yana shigo da sukari da shinkafa da siminti daga waje yana samun riba, sannan ya juya ya zuba dukiyar a gina masana'antu, irin ta siminti da ke Obajana a jihar Kogi. Matatar mansa ta Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an sanar da ita a 2013, ba a ƙaddamar da ita ba sai a watan Mayun 2023. Shekara 10 ke nan kuɗi suna shiga rami ba su fitowa. Adalci ne kuma a faɗi cewa manufar gwamnati ta taƙaita shigo da siminti ta taimake shi matuƙa, kuma jama'a suna da haƙƙin tambayar ko kariyar nan ta sauko musu da farashi. Ba kowane abu na babban attajiri ne abin koyi ba, kuma ba kowane abu nasa ne ɗan tebur zai iya kwaikwaya ba.

Shawarar ƙarshe da Alhassan ya yanke, a kan gadon ciwo ya yanke ta. A 1955, da ya ji jiki ya yi nauyi, ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya wargaje. Ku duba kasuwanninmu, daga Kurmi zuwa Kantin Kwari, ku ƙirga sunayen da suka yi tashe shekara 40 da suka wuce, ku ga nawa ne suka rage. Mafi yawansu kasuwa ba ta karya su ba, mutuwar maigida ce ta watsa su. Aka raba shaguna, aka raba motoci, aka raba kayan da ke sito, kowane magaji ya ja guntunsa, guntun kuma bai isa ya tsaya shi kaɗai ba, wakilan da aka yi shekara 30 ana tarawa suka kama gabansu. Rabon gado wajibi ne, babu mai ikon hana magaji haƙƙinsa, mace ko namiji. Amma ana iya ƙiyasta dukiya, a fitar wa kowa rabonsa a matsayin hannun jari idan ya yarda, wanda ke son fita a biya shi, a naɗa wanda ya fi iyawa ya gudanar, a riƙa raba riba a ƙarshen shekara. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai idan maigida tun yana da rai ya raba aljihunsa da aljihun kasuwa, ya rubuta abin da ke nasa da abin da ke na mutane, ya zaunar da 'ya'yansa a shago tun suna ƙanana.

Bayan rasuwarsa 'ya'yan sun ci gaba da riƙe kamfanin, jagorancinsa ya koma hannun Alhaji Aminu Ɗantata, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina, shekara 70 bayan mahaifinsa, kuma sunan gidan yana nan a kasuwa.

A nan za mu dakata, domin a samu lokacin tambayoyi.